Kabad ɗin amarya bai iya iyo ba

Na san abin da za ku ce. Mutumin Ƙonni, ina ruwansa da teku? Iyakar ruwanmu Maggiya idan damina ta yi albarka, sai madatsun Mozage da Zango da ke shayar da gonakin rani. To Alhaji, ajiye dariyar tukuna, ka waiwaya ka dubi falonka. Kujerun nan da kake cika baki cewa daga Turkiyya suke, a bayan raƙumi suka zo? Makonni suka yi cikin kwantena a kan teku kafin su sauka Kwatano ko Lome, kuma da wanda ya loda su ya yi musu ɗaurin talala, da itacen girki aka kawo maka.

Ruwan ma ya matso kusa. Da aka rufe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, mutane da kayansu a kwale-kwale suka koma tsallake kogin Kwara: buhunan shinkafa, babura, firji, har da kayan ɗakin amare. Ƴan kasuwarmu da ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, sai ga su a tsakiyar kogi suna rungume da kwali suna salati.

Na ji wani daga can baya yana cewa ai kaya mai nauyi ba ya motsi. Kawu, shi ne ma abin tsoro. Jirgi idan igiyar ruwa ta karkata shi, da kansa yake miƙewa, muddin nauyinsa yana ƙasa kuma yana tsakiya. Amma da zarar kabad ya zame ya bi gangare, ya tafi da nauyin gefe guda, jirgin ba shi da ƙarfin dawowa. Igiya ta biyu sai ta tarar da shi a karkace. Kafin ka ce kwabo, mutum biyar sun zabura gefen don ceton madubin amarya, shi ke nan an gama taya ruwa aiki. A Koriya ta Kudu, ranar 16 ga Afrilu 2014, jirgin Sewol ya yi kwana mai tsanani, kayan da aka lafta masa ba a ɗaure su da kyau ba suka zame gefe guda, ya kife da mutane, 304 suka rasu, yawancinsu ƴan makaranta. A Maris 2019 kuma, injinan jirgin shaƙatawa Viking Sky suka tsaya cikin guguwa a gaɓar Nowe, kujeru da tebura suka dinga safa da marwa a falo suna bugun fasinjoji, sai da jirage masu saukar ungulu suka kwashe mutum fiye da 400. Masu kuɗi ne fa, kujerunsu sun fi naka tsada.

Shi ya sa mutanen teku ba sa yarda da kujera. Tebur a ɗaure yake da noti a ƙasa, gefensa da ɗan baki don kada faranti ya zame, ƙofar kabad da sakata. Idan ruwa ya fusata har jiƙa mayafin tebur suke yi don kwanuka su kama.

Namu na kwale-kwale ba ya buƙatar noti. A kwantar da kabad a bayansa a tsakiyar jirgi, a cire madubi a cusa shi tsakanin katifu biyu, a ɗaure ƙofofin. Igiya ta ja shi ta fuska huɗu, ɗaurin huhun goro, kuma a sake ɗame ta bayan an ɗan tafi, don igiya takan saki. Robar taya da ɗan kabu-kabu ke ɗaure kaji da ita ba ta wannan aiki ba ce, miƙewa take daidai lokacin da ake so ta riƙe. Jarka kuwa ko a cika ta maƙil ko a juye ta, domin mai rabin ruwa kowace karkata sai ta ƙara masa nata. Kuma kada yaro ya hau kan tulin kaya wai yana gadi.

Gwaggon amarya, na ga kin ɓata rai, wai igiya za ta goge fenti. Sa tsohon zane a ƙarƙashinta, ba a rasa shi a jakarki.

Malam kuma ya gyara murya ya ce Allah ne mai tsarewa. Haka ne, Allah gafarta Malam, amma hadisin ɗaure raƙumi a zaurenka muka karanta shi.

Wanda har yanzu bai gamsu ba, hanya a buɗe take. Ya je Galmi inda ake lodin albasa, ya ce wa direban kamyo ya bar buhunan babu igiya har Yamai, tun da masu nauyi ne ba sa motsi. Amsar da ya samu ya riƙe ta a cikinsa, don ba za ta bugu a mujalla ba.