Lissafin Daƙiƙa da Lissafin Gaisuwa a Mararraba

Injiniyoyin da suka tsara fitilar ba da hannu, wadda jama'a ke kira danja, sun gina iliminsu kan zaton cewa duk wanda ya iso mararraba burinsa ya bar ta, kuma da alama mai wannan zato bai taɓa kwana a Tambuwal ba. A lissafinsu ja tsayawa ne, kore wucewa, ruwan ɗorawa kuwa akan ba shi daƙiƙa 3 zuwa 6 gwargwadon gudun da aka halatta a hanyar, domin motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, direba kuma yakan ɓata daƙiƙa guda kafin ƙafarsa ta tuna inda birki yake. Bayan haka akan bar kowane ɓangare a kan ja na daƙiƙa ɗaya ko biyu, don wanda ya riga ya shiga tsakiya ya fice kafin a saki wasu.

A babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal zuwa Jega, inda masu fitowa daga Kebbe ke hawa kwalta, lokaci yana bin wani ma'auni da ba a koyarwa a jami'a, wato gaisuwa. Idan motar wani Alhaji ta yi kiciɓis da ta surukinsa a tsakiyar mahaɗa, dukansu sukan sauke gilashi, ɗaya ya ce, "Ranka shi daɗe, an tashi lahiya?" ɗayan ya amsa, daga nan a bi iyali, a bi gajiya, a tambayi yadda gero ya yi bana, a yi ta'aziyyar rasuwar da aka yi tun kafin azumi. Na baya ba su da ikon matsa oda, saboda ɗayan dattijan kawun direba ne ko kuwa mai gidan da yake haya, kuma yi wa babba oda laifi ne da ya fi taka ja nauyi a idon gari. Da za a nemi injiniya ya auna wannan zango da agogo, sai batirin agogon ya mutu kafin a kai ga "sai an jima".

Inda babu sanayya, girman jiki ke raba gardama: tirelar da ta ɗauko albasa daga Aliero tana da kore na dindindin, ɗan kabu-kabu, wato mai haya da babur, yana ganin duk ratar da iska ta wuce shi ma zai wuce, raƙumi kuwa ranar kasuwa bai san da zaman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ba, duk da cewa an kafa ta tun 1988.

Matsala takan fito fili ne idan ɗalibin wannan makaranta ta Tambuwal ya shiga birnin Sakkwato ko Kano ya tarar da danja tana aiki. A wurinsa ruwan ɗorawa gargaɗi ne cewa a ƙara mai kafin dama ta kuɓuce, ja kuwa shawara ce da ake ɗauka idan an hango jami'i a tsaye. Haka direban ɗaya ɓangaren yakan fara silalowa tun kore bai kama ba, saboda haka daƙiƙu biyun da injiniya ya keɓe don tsakiya ta zama fanko su ne lokacin da ta fi cika, kuma a nan ne ake karo ta gefen ƙofa, inda ƙarfen da ke tsakanin fasinja da mutuwa ya fi ko'ina sirantaka.

Ba a nan kaɗai fitilar ta sha wahala ba, domin ta farko da aka kafa a Landan a 1868, mai aiki da iskar gas, fashewa ta yi bayan 'yan makonni ta jikkata ɗan sandan da ke juya ta. Bambancin kawai shi ne, idan aka yi karo a nan, mutane sukan taru su ce ƙaddara ce, masu motocin su tsaya a tsakiyar hanya suna yi wa juna jaje, a sake tare mararrabar har la'asar.