Ziyarar Manya Ga Tsuntsayen Dagona

Duk wanda Allah ya nufa da zuwa gandun tsuntsaye na Dagona, a ƙasar Bade ta Jihar Yobe, a tsakiyar hunturu, lokacin da ambaliya ta ja da baya ta bar tafkuna da fadamu, agwagin Turai kuma suka ƙetaro Bahar Rum da Sahara suka sauka cikin dinya da kirinjijiya, lalle zai shaida cewa wata sabuwar ɗabi'a ta shigo wa manyanmu, wato ɗaukar hoton tsuntsu.

Ma'abota wannan fanni sun yi ittifaƙi a kan cewa sharuɗɗansa su ne sammako da shiru da haƙuri, mutum ya sa tufafi masu duhu, ya laɓe cikin kacalla, sauro na cizonsa ba ya ko motsi, har zalɓe ya manta da shi. Amma Alhajinmu, da yake ba a san shi da shiga wuri a ɓoye ba, sai hantsi ya dubi ludayi sa'an nan zai iso, da jerin motoci, da babbar riga fara ƙal, da yaro mai riƙe masa kyamarar da tsawon bakinta ya kai taɓarya, da mai riƙe lema, da wani kuma wanda ba shi da wani muƙami illa ya riƙa cewa, "Ranka ya daɗe, ga ta can!" da iyakar muryarsa, kafin a ƙare gaishe-gaishe babu abin da ya saura a tafkin sai balbela, wadda ko a bayan gidansa tana nan tana bin shanu.

Daga nan sai a shiga neman fatawa. Ya tambayi ma'aikacin gandun ko akwai halin a koro masa tsuntsayen su dawo, aka ce babu. Ya tambaya ko naman dinya ya fi na zabo, aka ce doka ta haramta farauta a nan. Da ya ji cewa Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya ziyarci wurin a 1989, nan take ya nemi a nuna masa daidai inda ya tsaya, ya gyara zaman hula, ya ba tafki baya, aka juyo da kyamara kansa. Wani manomin shinkafa da ya wuni yana kaɗa gwangwani saboda jan-baki ya matso cikin ladabi, ya ce idan tsuntsu Alhaji ke bukata, nasa na nan kyauta, a kwashe duka.

Da dare hotuna suka hau Facebook, jama'a na ta Masha Allah, alhali tsuntsun da ke ciki ɗigo ne guda a saman kafaɗarsa, wanda har yanzu masana ke saɓani a kansa, wasu na cewa dinya ce, wasu na cewa leda ce iska ta ɗauko.

Roƙona ga hukumar gandun shi ne ta kafa allo a bakin ƙofa, a zana gauraka a jikinsa, a ajiye kujera mai taushi, domin manya su ɗauki hotonsu a nan su koma, a bar wa tsuntsaye tafkinsu.