Akwatin Dakta Ya Biyo Ta Ammariyya

Mu Hausawan unguwar Ammariyya ta Jidda ba mu iya kallon fim baki a rufe ba. Ko wa'azi aka kunna sai an samu mai gyara wa malamin ƙira'a, balle wasan kwaikwayo. In ka ga mun yi tsit a gaban talabijin, to wuta aka ɗauke, kuma a Jidda ba kasafai ake ɗauke ta ba.

Abin da ya tayar da ƙura a layinmu kwanan nan wani shirin Ingila ne mai suna Doctor Who, wanda BBC ta fara nunawa tun 23 ga Nuwamba 1963. Yaranmu haifaffun nan su suka jajibo shi. Da farko a waya suke kallo, da fassarar Larabci a ƙasa, daga baya suka jona shi a talabijin ɗin shagon Baba tela, inda ake taruwa bayan Isha'i ana shan shayi. Labarin wani baƙon halitta ne daga wata duniya, mai zuciya biyu, ana ce masa Dakta alhali ba mu taɓa ganin ya yi wa kowa allura ba. Yana yawo cikin wani shuɗin akwati irin rumfar wayar 'yan sandan Ingila ta da, yau ya tafi shekaru ɗari baya, gobe ya tafi shekaru dubu gaba. Akwatin daga waje ɗan tsurut, in ka shiga ciki fili fetal. Wannan shi ke ba Turawa mamaki. Mu bai ba mu ba, domin duk wanda ya ga yadda ɗaki guda a unguwar nan ke haɗiye baƙin Umara goma sha biyu da jakunkunansu a goman ƙarshe na azumi ya san ba Turawa suka fara ba.

Gardamar farko ba ta daɗe ba. Yara sun yi bayanin cewa duk sanda ɗan wasan ya gaji ya bar shirin, sai a ce Dakta ya sake jiki, kuma a ƙarshen 2017 jikin da ya sake na mace ne, wata Jodie Whittaker. Baba tela ya ɗago daga kan kekensa ya ce, "Jiya namiji yau mace, to iƙamarsa da wane suna aka buga ta?" Aka yi dariya aka wuce. Mutumin da ke da zuciya biyu, don ya sake jinsi ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne.

Inda aka daɗe shi ne kashin da ake kira "Rosa", wanda aka fara nunawa ran 21 ga Oktoba 2018. A nan babu dodo, babu jirgin yaƙin sama jannati. Akwatin ya sauke Dakta da abokan tafiyarta uku a garin Montgomery na jihar Alabama a Amurka, a 1955, ana gobe Rosa Parks za ta ƙi tashi daga kujerar bas don Bature ya zauna. Labarin gaskiya ne. Rosa tela ce mai shekara 42, sakatariyar ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta garin, kuma ran 1 ga Disamba 1955 direban bas James Blake ya kira mata 'yan sanda. Aka ci ta tarar dala 10 da kuɗin kotu dala 4. Baƙaƙen garin suka ƙaurace wa bas har kwana 381, sai da kotu ta rushe dokar raba kujeru.

Hajiya mai waina ce ta fara tsayar da kallon, tun ba a je ko'ina ba. Ita abin da ta kasa ganewa, ba maganar fari da baƙi ba ce tukuna. "Tsaya, ɗan nan," ta ce wa mai riƙe da rimot. "Namiji ƙato da ƙafafunsa zai tayar da mace uwar wasu ya zauna? Ba shi da uwa ne?" Ta tuna mana zamanin kostocin Haddul Balda, masu riyal biyu, da suka yi shekaru suna jigilar mu daga Bab Makka. Motocin sun tsufa, kujerun sun yage, direba na tuƙi yana karɓar kuɗi, amma ta rantse ba ta taɓa shiga ba tare da wani ya gyara mata wuri ba. Sai da aka yi mata bayani sau biyu cewa a can doka ce, rubutacciya, da 'yan sanda a bayanta. Ta yi salati ta ce a ci gaba.

Shi kuwa Baba tela aikinsa ya sa ido a kai. Akwai inda Dakta ta yaga rigarta da gangan ta kai wa Rosa ɗinki, don ta riƙe ta a wurin aiki har lokacin bas ɗin ya yi. Sai da ya sa aka dawo da wurin baya. Ya matso dab da gilashin, tabarau a kan hanci, yana duba yadda 'yar wasan ta riƙe allura. Hukuncinsa shi ne ta yi ƙoƙari, amma ba tela ba ce. Daga nan kuma ya ɗaga kafaɗa, ya ce ai dama duniya ba ta san darajar tela ba, ga shi tela guda ta girgiza Amurka tana zaune.

Haka muke. In aka kawo mana fim ɗin tarihi, labarin ba ya gabanmu sai mun gama binciken kaya. Lokacin da Netflix ta saki fim ɗin Sarauniya Amina a 2021, sati guda aka yi a shagon nan ana shari'ar rawani da linzami da dalilin da zai sa 'yar Zazzau ta yi magana da Turanci. Har yau akwai waɗanda ba su san yadda fim ɗin ya ƙare ba, amma sun san kuskuren kowace riga. Wannan karon ma an samu mai fallasa cewa Alabamar da muke gani ba Alabama ba ce, a Afirka ta Kudu aka ɗauka. Wani ya ce to ai ba a yi nisa da gida ba, su ma can sun san kujerar fari da ta baƙi.

Sai aka zo wurin marin. Ɗaya daga cikin abokan Dakta, Ryan, saurayi ne baƙi, kuma ɗan wasan da ya fito a matsayinsa, Tosin Cole, asalin iyayensa Najeriya, saboda haka tun farko mun riga mun mai da shi ɗanmu. Wata Baturiya ta yar da safar hannu, ya tsinta ya bi ta ya miƙa mata, mijinta ya kwaɗa masa mari a tsakiyar titi. Shagon ya ɗauki "Kai!" gaba ɗaya. Rosa ce ta shiga tsakani, sannan ta tuna wa yaron abin da aka yi wa Emmett Till, ɗan shekara 14 da aka kashe a Mississippi a watan Agustan shekarar. Daga baya aka nuna Ryan da Yasmin, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan, sun ɓuya bayan kwandon shara suna hira. Shi yana cewa a Ingilar yau ma 'yan sanda sun fi tsayar da shi, ita tana cewa ana jifan ta da sunan 'yar ta'adda in ta fito daga masallaci.

Wannan hirar ba a yi mata ihu ba. Duk wanda ya girma a nan an taɓa kiran sa Takaruni, wato baƙin mutum ɗan Afirka, wani lokaci da wasa, wani lokaci da wata irin murya da ba sai an fassara maka ba. Wani matashi, jikan jikan mahajjata, wanda Larabcinsa ya fi Hausarsa, ya ce shi kallon da mijin nan ya yi kafin ya ɗaga hannu ya gane, ya taɓa ganin sa. Kawu direba ya ce a dai riƙa tunawa da cewa a ƙasar nan ma sai a 1962 aka soke bauta, shekara bakwai bayan Rosa ta zauna. Ya faɗa da murya ƙasa-ƙasa, yana duban ƙofa, kamar yadda muke faɗin irin waɗannan maganganu. Wani dattijo ya amsa da cewa duk da haka a Harami sahu ɗaya ne, ba a taɓa ce masa ya koma baya ba. Kowa ya yarda da kowa, aka ƙara shayi.

Rigimar gaske tana ƙarshe. Mugun labarin wani ne da ya zo daga zamani mai zuwa, ba zai iya kisa ba, sai ya koma ƙulle-ƙulle: ya sa direban ya tafi hutu, ya lalata motar, ya kori fasinjoji, don dai kada a samu cunkoson da zai sa a ce wa Rosa ta tashi. Dakta da mutanenta suka bi suna warwarewa. A ƙarshe suka ga bas ɗin bai cika ba, in suka sauka kujeru za su samu, tarihi ya tashi a banza. Dole suka zauna. Suna ji suna gani aka yi wa matar tsawa, aka zo aka tafi da ita, ba wanda ya ce uffan. Har da abokin tafiyarta Graham, tsohon direban bas wanda marigayiyar matarsa baƙa ce.

Nan shagon ya rabu biyu. Matasa suka ce wannan rashin zuciya ne, kana da akwatin da ke tsallake zamani ka zauna kana kallon zalunci. Kawu direba ya ce shi da yana motar, tarihi ko ba tarihi ba, sai ya shaƙe wuyan Blake. Yaran da suka bi diddigin abin sun ce a Ingila ma an rabu, wasu sun yi kuka sun yaba, wasu sun ce an mai da shirin dodanni dandalin wa'azin siyasa. Ni dai ina ganin marubutan sun yi daidai, musamman da yake ɗaya daga cikinsu, Malorie Blackman, ita ce baƙar fata ta farko da ta rubuta wa shirin labari cikin shekara 55. Da Dakta ta miƙe ta yi jawabi, da an ƙwace wa Rosa abin da yake nata, an miƙa wa Baturiya mai akwati. Na faɗi haka, Kawu ya ce ni ma ashe irinsu ne, masu zama.

Aka kai ƙara gaban Malam. "Allah gafarta Malam, ya halatta mutum ya koma baya ya gyara abin da ya wuce?" Malam ya kurɓi shayinsa ya ce tafiya gaba dai an san ta, Ashabul Kahfi sun kwanta sun tashi bayan shekara 309. Komawa baya kuwa bai ga ta a littafi ba, abin da alƙalami ya rubuta ya bushe. Wani ya ce to ai Dakta ma fatawarta ke nan. Malam ya ce shi bai ce ya yarda da Dakta ba.

Daga nan ba wanda ya ƙara tuna Alabama. Tambaya ta koma: in akwatin ya tsaya a bakin maƙabartar Nana Hauwa'u ya ce a shigo, ina za mu? Rabin shagon suka ce Burmi, Yulin 1903, a kai wa Sarkin Musulmi Attahiru ɗauki kafin Turawa su cim masa. Har an fara rabon aiki, wa zai riƙe tuta, wa zai kai harsashi. Sai wani dattijo da kakansa ya taso daga Mai Wurno ta Sudan ya ce a yi a hankali. Waɗanda suka tsira daga Burmi su ne suka bi ɗan Attahiru gabas, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu. Daga irinsu ne wasu suka ƙaraso Sawakin, suka hau jirgin ruwa, suka sauka a Jidda. "In kun gyara Burmi," in ji shi, "ni wa zai haife ni? Kuma wa zai biya kuɗin shayin da na ci bashi?"

Wasu ba su nemi nisa ba. Rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya cinye unguwannin Sabil da Kandara da Hindawiyya da Gulel, ya taɓo mu, maƙwabtan shekara arba'in suka watse, wasu gabashin gari, wasu Kano, wasu Maraɗi. Akwai wanda ya ce shi a mai da shi 2020 kawai, ya zagaya layukan da ƙafa ya ɗauki hoton kowace ƙofa. Matasa kuma suka kawo labarin cewa a 2025 an kai Dakta shagon aski a Legas, kuma wanda ya rubuta, Inua Ellams, haifaffen Jos ne. Baba tela ya ce ɗan Jos guda, an ba shi akwati, ya rasa inda zai kai shi sai Legas, ga Kano nan da ganuwarta da marinar Ƙofar Mata.

Hajiya mai waina ta bari kowa ya gama. Ta ce ita ba ruwanta da yaƙi, kuma ba ta son hoto. A sauke ta a Kano a 1980, lokacin da naira ta fi dala, da jarinta na yau a ƙulle a bakin zane, ta sayi filaye uku a hanyar Zariya ta dawo kafin ƙullun waina ya tashi. Nan take mutum shida suka ce za su raka ta, Kawu direba ya ce shi zai ja, kuma kuɗin mota riyal biyu ne, ba bashi.