Jirgin da Ya Zauna a Kan Wutsiyarsa: Nazari a Kan Laba, Inci da Girman Kai

Manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama wani shiri ne na kwamfuta da ke lissafa yadda iska da nauyi da ƙarfin inji suke aiki a jikin jirgi, sannan ya nuna sakamakon a kan allo, domin mutum ya koyi tashi da sauka ba tare da ya bar kujerarsa ba. Daga cikin irin waɗannan manhajoji, FlightGear ta yi fice saboda buɗaɗɗiya ce, wato rubutun umarnin da aka gina ta da shi a fili yake ƙarƙashin lasisin GPL, kowa yana da damar karantawa da gyarawa da rarrabawa. David Murr ne ya kawo shawararta a 1996, aka fitar da ita a 1997 da jagorancin Curtis Olson, kuma tun daga lokacin 'yan sa kai ne suke ɗawainiya da ita. Wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ita ce ta ba marubucin wannan maƙala damar shiga, ita ce kuma ta ba shi damar kunyata kansa.

Niyyar marubucin ba ta da girma, domin tankin mai ɗaya kawai ya so ya ƙara wa Cessna 172P, ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya wanda manhajar take fara miƙa wa kowane sabon shiga. Sashen da ke lissafa motsin wannan jirgi shi ake kira JSBSim, kuma yana karanta bayanan jirgin daga fayil na XML, wani tsarin rubutu da ake jera kowane adadi a cikinsa tare da sunansa da ma'auninsa. Da yake harkar jiragen Amurka da ma'aunin Amurka take tafiya, nauyi a fayil ɗin da laba yake, tsawo kuma da inci, alhali marubucin ya tashi ne da kilo da santimita, bai kuma ga dalilin da zai sa ya karanta bayanin da aka tanada ba, tunda a ganinsa wanda ya iya haɗa fankar ɗaki ba zai kasa sa wa jirgi tanki ba.

Ya auna cewa tankin zai zauna santimita 120 daga wurin da ake fara awo, sai ya rubuta 120 ya bar ma'aunin a inci yadda ya same shi. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, saboda haka tankin ya tafi fiye da mita 3, ya yi masauki can wajen wutsiya da mansa cike fal. Kowane jirgi yana da cibiyar nauyi, wato wurin da nauyin gabansa da na bayansa suke daidaita kamar sikelin mai awon hatsi, kuma idan wannan cibiya ta koma bayan manyan tayoyi, jirgi mai tayar gaba irin wannan ba zai iya tsayuwa daidai ba. Ana kunna manhajar, jirgin ya ɗaga hanci sama ya zauna a kan wutsiyarsa a bakin titi, kamar akuyar da ta hango ganye a reshe, injinsa ko tari bai yi ba.

Mai hankali da ya ga haka zai koma ya duba abin da ya rubuta, amma marubucin ya yanke hukuncin cewa alƙiblar ce ta juye, sai ya sa alamar ragewa a gaban adadin. A tsarin JSBSim adadi yana ƙaruwa ne daga hanci zuwa wutsiya, don haka tankin ya bar jikin jirgin gaba ɗaya, ya koma gaban farfela yana shawagi a iska ba tare da komai ya riƙe shi ba, abin da kwamfuta ba ta ga aibinsa ba tunda haka aka umarce ta. Jirgin da ɗazu yake kallon sama yanzu ya kifa da hanci ya durƙusa irin na raƙumi, kuma ƙanen marubucin, wanda ya leƙo daga bakin ƙofa, ya tambaya cikin ladabi: "Yaya, gaisuwa yake yi ko kuwa haka ake tashi?"

Mataki na uku shi ne gyaran gangar Auzinawa. Marubucin ya lura tayar gaba tana nutsewa cikin ƙasa, sai ya nemo adadin da ke nuna ƙarfin sifirin ɗinta ya jera masa sifili huɗu. Manhajar tana sabunta lissafin motsi sau 120 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma idan sifirin ya yi tauri fiye da kima, ɗan nutsewar da taya ta yi a mataki ɗaya yana haifar da ƙarfin da ya wuce hankali a mataki na gaba, kowane gyara ya fi kuskuren da ya gabace shi girma. Cikin ƙiftawar ido jirgin ya yi tsalle ya bar filin, yana wulwulawa kamar faifan da guguwa ta ɗauke, ma'aunin tsawo yana gudu, har lissafin ya kai inda adadi ya daina zama adadi, allon ya ƙame. Wannan ne karo na farko da jirgin marubucin ya tashi, kuma ya tashi ne injinsa a kashe.

Da yake laifi tudu ne, marubucin ya taka nasa ya hango na wasu, ya zauna ya rubuta wa masu kula da aikin dogon rahoto yana bayyana musu cewa ya gano babbar ɓaraka a lissafin da suka shafe shekaru suna tacewa. Amsar da wani ɗan sa kai ya turo layi ɗaya ce, cikin mutunci, yana roƙon a duba ma'aunin da ke gefen 120. Gyaran bai ɗauki minti biyu ba: 120 ya koma 47, alamar ragewa ta fita, sifilan nan huɗu suka koma inda suka fito, jirgin ya tsaya a kan tayoyinsa uku kamar babu abin da ya faru.

Abin da ya rage wa marubucin zafin kunya shi ne sanin cewa wannan tuntuɓe ya taɓa kayar da waɗanda suka fi shi. A watan Yulin 1983 man wani jirgin Boeing 767 ya ƙare a sararin samaniyar Kanada saboda an lissafa man da laba a maimakon kilo, kilo ɗaya kuwa kusan laba 2.2 ne, sai da matuƙansa suka lallaɓa shi ya sauka a tsohon filin soja na Gimli ba tare da an rasa rai ba. Bambancin shi ne wancan kuskure rayukan mutane ya sa a haɗari, na marubucin kuwa dare ɗaya ya ci da ɗan abin da ya rage na girmansa a idon ƙanensa. Duk mai niyyar ƙara wa irin wannan manhaja wani abu, ya fara karanta ma'auni kafin adadi, ya kuma sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, domin kwamfuta abin da aka rubuta mata take aikatawa, ba ta san "ai kin gane nufina" ba.