Gashin Bakin Hajiya

Mai shago ya rantse mini cewa talabijin ɗin nan ko hoton zamanin Sardauna aka sa mata, sai ta wanke shi tas. Inci 65, 4K, shafaffiya, babu ƙeya. Aka kafe ta a bango, ranar Asabar na aika aka ɗauko surukata Hajiya da ƙanenta Kawu, a zo a ga faifan bikinmu yadda ba a taɓa ganinsa ba.

Faifan VCD ne, irin wanda masu ɗaukar biki ke juyo maka daga kaset a farkon shekarun 2000. Hotonsa ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, dubu ɗari da 'yan kai ke nan. Fuskar 4K kuwa 3840 ce a kwance, 2160 a tsaye, sama da miliyan 8. Wato kowane ɗigon faifan sai ya cike gurbin kusan 80, kuma sauran kirdado talabijin ke yi: ta dubi na dama, ta dubi na hagu, ta ƙirƙiro na tsakiya. Mai koko ce aka ba ludayin gasara ɗaya aka ce ta shayar da unguwa. Ga shi tun a shago an ƙure mata kaifin hoto, duk inda ta ga duhu ya jingina da haske sai ta ja masa layi. Hoton da kuma 4:3 ne, ita 16:9, don haka ta baje shi ya cika fuska, kowa ya ƙara kashi ɗaya bisa uku na faɗinsa bai ci komai ba.

Ƙibar ba ta dami kowa ba, har aka yi ta dariyar abokan ango. Sai kyamara ta juyo kan Hajiya.

Tana zaune a bakin rumfa, rana ta fito mata ta sama, inuwar hancinta ta sauka a kan leɓe. A tsohuwar talabijin ɗinmu mai inci 14 mun sha kallon wurin nan, ba wanda ya taɓa ganin komai. Wannan kuwa ta duba inuwar, ta yi nazari, ta yanke hukunci cewa gashi ne. Ta kuma gyara shi. Baƙi wuluk, mai kauri, gefe da gefe a daidaice kamar yanzu wanzami ya ɗauke hannu.

Na wawuri rimot don in wuce wurin, yatsana ya sauka a kan na tsayarwa. Na sake dannawa da sauri, ashe na kusanto da hoto na taɓa. Fuskar Hajiya ta taso ta cike bango, faɗin kusan mita ɗaya da rabi, ta tsaya cak. Ni da tun da na auri 'yarta ban taɓa ɗaga ido na dube ta sosai ba, in za mu gaisa daga bakin ƙofa nake durƙusawa. Yau ga ni tsaye tsakiyar falo, rimot biyu a hannu, ina kallon gashin bakinta, ita kuma tana zaune a bayana tana kallon ƙeyata.

Falo ya yi tsit, har ƙarar fanka ake ji. Sai autarmu ta cire yatsa daga baki.

"Abba, wane ne wannan mutumin da ya ɗaura ɗankwalin Hajiya?"

Mutumin. Ba ta ce matar ba. Uwargida ta tuna tana da miya a wuta, alhali tun azahar aka sauke. Har yanzu in na rufe ido muryar yarinyar nan nake ji, da yadda ta ja kalmar, da ƙarar carbin Hajiya da ya tsaya.

Allah ya saka wa Kawu, shi ya karɓi ragamar aiki.

"Malam, eriya ce. A tura yaro ya juya ta gabas."

Na ce, Kawu, faifai ne, ba tasha ba.

"To ciro shi ka hura masa iska, ka goga a riga."

Na ce faifan lafiya lau yake.

"Bugi ƙeyarta." Ya tashi da kansa ya leƙa bayan talabijin, ya laluba, ya dawo yana girgiza kai. "Ka gani? Sun cire mata ƙeya. Yaya za a yi abu ya yi hankali babu ƙeya?"

Ya ce a cire batirin rimot a ɗan tauna. Ya ce a lulluɓe ta da zane ta huce. Ya ce shi a zamaninsa Bature ba ya sayar da kaya sai ya gama haɗa shi. Duk wannan fa Hajiya na bango, ba ta ko ƙifta ido.

Can ya gaji, ya sa tabarau, ya matsa daf da hoton, ya daɗe yana dubawa. Ya juyo a hankali.

"Yaya, wallahi sai yau na ga kamanninki da marigayi Baba."