Idan Hoto Ya Ƙi Fitowa: Ire-iren Injiniyoyin Ajingi

Masu ba da tarihi sun ce wani maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya, ya je gindin Dutsen Dala neman tama, ya zauna, har gari ya ci sunansa. Wataƙila wannan jini na maƙera ne ya sa a ƙasar Gaya da Ajingi ba a rasa mai gyara. Injin ban-ruwa ya tsaya, akwai mai gyara. Babur ya ƙi tashi, akwai goma. Amma in kana son ganin yawansu da idonka, ɗauko kwamfuta ka jona ta da talabijin a gaban jama'a, allo ya yi shuɗi ya rubuta No Signal. Kafin ka ce kwabo, ɗaki ya cika da injiniyoyi.

Jona kwamfuta da talabijin ya zama ruwan dare daga Ajingi zuwa Toranke, Kunkurawa da Balare. Mai gidan kallo kuɗin dikodarsa ya ƙare, ya koma intanet. Matan gida suna son kallon Labarina a babban allo. An kawo bidiyon biki a filas. Malamin makaranta yana son nuna darasi. Duk inda aka yi, mutanen da za su taru iri ɗaya ne, kuma ga su.

Mai Hura Kebul

Shi ne na farko a fagen. Ba ya tambaya, ba ya sallama da mai kaya. Sai ya zare kebul, ya ɗaga shi sama ya leƙa da ido ɗaya, ya hura da ƙarfi har da yayyafin yawu, ya goge a jikin rigarsa, ya mayar. Ya koyi wannan aiki ne tun zamanin kaset da faifan CD, kuma bai ga dalilin da zai sa ya canza hannu ba.

Abin haushin shi ne wani lokacin yana dacewa. Bakin kebul na HDMI yana da 'yan ƙananan haƙora 19, kuma ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. In bai zauna daram ba, hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, ko ya yi ɗigo-ɗigon fari. Ban da haka, kwamfuta da talabijin kamar Hausawa suke, ba sa fara magana sai sun gaisa: talabijin ta faɗi irin girman hoton da take iya ɗauka, kwamfuta ta amsa. Zarewa da mayarwa kan sa su sake gaisuwa. Amma kada ka kuskura ka faɗa masa haka. A wajensa iskar bakinsa ce magani.

Mai Mari

Dattijo ne yawanci. Ya yi zamani da talabijin mai ƙeya, wadda in dalmar cikinta ta saki, mari ɗaya a gefe kan dawo da ita hayyacinta. Shi ya sa yana ganin hoto ya ɓace sai ya naɗe hannun riga ya nufi bango. Mai gida ya tare shi da lallami: "Baba, don Allah a yi haƙuri, wannan ba ta ɗaukar duka." Ya koma ya zauna yana cewa, "Kayan yanzu da yaran yanzu duk ɗaya, ba a taɓa su." Gaskiyar mai gida ce. Gilashin talabijin ta bango siriri ne, mari ɗaya ya isa ya bar mata baƙin tabo da ba ya gyaruwa sai an canza allon gaba ɗaya.

Sarkin Rimot

Ba wanda ya naɗa shi, amma rimot na hannunsa kuma ba zai bayar ba. Ya ƙara sauti zuwa ƙarshe, ya rage. Ya shiga saiti ya mayar da harshen talabijin Faransanci, ya kasa fita. Ya buga rimot a tafin hannu, ya ciro batir ya cije shi ya mayar. Maɓalli ɗaya ne tak bai taɓa ba, kuma shi ake nema: wanda aka rubuta wa Source ko Input. Talabijin tana da ƙofofi da dama a bayanta, HDMI 1, HDMI 2, da ta AV mai wayoyin rawaya da fari da ja, kuma ƙofa ɗaya take saurara a lokaci guda. An soka kebul a ta biyu, ita kuwa tana jira a ta farko. In wani ya ce, "Yaya, ba ni in gwada," sai ya amsa, "Me za ka danna wanda ban danna ba?"

Ɗalibin Wudil

Ya dawo hutu daga jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, kuma kwamfutar tasa ce. Bakinsa cike da Turancin da ba wanda ya roƙe shi. Ya ce matsalar direba ce. Wani tsoho ya waiwaya ya ce, "Wane direban? Na Gaya ko na Dutse?" Daga nan ɗalibi ya yanke hukunci cewa sai an wanke kwamfutar kakaf an sake zuba mata Windows, aikin da zai kai asuba.

Alhali maganin yana ƙarƙashin yatsunsa. A danna maɓallin Windows tare da harafin P, zaɓi huɗu za su fito: allon kwamfuta kaɗai, Duplicate, Extend, ko allo na biyu kaɗai. Duplicate ne ke nuna abu ɗaya a duka biyun. Extend kuwa yana mayar da talabijin ƙarin fili ne, sai ta nuna hoton bangon kwamfuta kawai, ba ƙwallo ba fim. Ranar tonon asirin ɗalibi ke nan, domin hoton bangon nan na wata yarinya ce mai jan mayafi, ga shi ya cika inci 43, ga kawunsa zaune a sahun gaba. Kawu ya gyara hula ya ce, "To, ƙwallo dai ba mu gani ba, amma mun ga suruka."

Alhaji Mai Sayayya

Shi bai yarda akwai matsalar da kuɗi ba sa magancewa ba. Gari na wayewa ya shiga mota, ya bi ta Gaya da Wudil sai Kano, ya dawo daga kasuwar Farm Centre da leda cike da wayoyi. Tsohuwar kwamfutarsa ba ta da HDMI, sai ƙofar VGA mai shuɗin baki da ramuka 15, wadda kamfanin IBM ya fito da ita tun 1987. Ita hoto kawai take ɗauka, ba ta san sauti ba. Sai an sa mata na'urar juyi kafin ta yi magana da HDMI, kuma na'urar hanya ɗaya take bi. Alhaji ya sayo mai juya HDMI zuwa VGA, alhali akasinta yake bukata, wadda ma sai an ba ta wuta ta USB, an kuma jona mata wayar sauti daban. Ya soka, shiru. Ya ce jabu aka ba shi, gobe zai koma.

In talabijin tana da tata ƙofar VGA, sai ya tura kebul da ƙarfin tuwo har allura ɗaya ta lanƙwashe. Ja da kore da shuɗi kowanne da allurarsa. In ta kore ce ta tafi, filin wasa ya yi duhu, fararen kaya su koma ruwan hoda. Alhaji ya duba ya ce, "Sabuwar riga suka ɗinka ke nan?" Shi ne kuma wanda wata rana zai jona dikoda a jikin laftof don ya yi kallo a ɗaki, bai san ƙofar HDMI ta laftof ta fita ce ba, ba ta shiga ba.

Gwaggo Mai Sharhi

A cikin gida take mulki, ranar da aka zo kallon bidiyon biki. Ita ba ruwanta da kebul, abin da ya fito take aunawa. Hoto mai tsarin 4:3 an ja shi ya cika allon 16:9, kowa ya yi faɗi ya gajarce. Gwaggo ta riƙe haɓa: "Ikon Allah! Dama haka amaryar take? Ai da muka kai lefe ba ta kai haka ba." Kafin la'asar labari ya zaga unguwa, har ana ƙirga watanni.

Sai kuma talabijin ta zuƙo hoton ta yanke gefunansa, ɗabi'ar da ta gada daga tsofaffin talabijin. Wanda ya tsaya a gefe ya rasa rabin fuska, kuma Gwaggo ce a gefe. Nan take ta gano maƙarƙashiya: dangin ango ne suka biya mai ɗaukar hoto ya yanke ta. Gyaran bai wuce shiga saitin girman hoto ba. A LG ana kiran zaɓin Just Scan, a Samsung kuma Screen Fit. Sannan a daidaita kwamfuta da ainihin ƙarfin allon, 1920 da 1080, ko 1366 da 768 a ƙananan talabijin da yawa. Amarya ta rame nan take, Gwaggo ta dawo cikin hoto. Amma ba ta janye ƙara ba.

Mai Zargi

Bai taɓa waya ba, bai tashi daga benci ba, amma ya san mai laifi. Masu wuta ne. In an ce ai janareta ake amfani da shi, to kayan Sin ne. In ƙungiyarsa ce ke wasa, magoya bayan abokan hamayya ne suka yi asiri. Yana ganin layuka suna hawa allo a hankali sai ya ce a kira malam. Su kuwa layukan nan, musamman a kan VGA, sau da yawa daga cajar kwamfuta suke, in wutar ba tsaftatacciya ba ce ko wayar gidan ba ta da ta ƙasa. A zare caja a bar batir. In sun ɓace, an kama ɓarawo. Haka in hoto ya fito amma murya na fita siririya daga cikin laftof, ba aljani ba ne: a danna alamar lasifika a zaɓi sunan talabijin. In kuwa komai na fita sai fim ɗin Netflix kaɗai ke baƙi, kariyar hana satar fasaha ce ta HDCP ta ƙi amincewa da wata arhar na'ura da aka sa a tsakani.

Mai Taimako

Mutumin kirki ne, shi ya sa ya fi kowa ɓarna. An sha wuya hoto ya fito, kowa ya yi shiru, sai ya lallaɓa ya rufe murfin laftof don kada batir ya ƙare ko ƙura ta shiga. Kwamfuta ta yi barci, allo ya mutu. Ya koma wurinsa, ya shiga sahun masu tambaya, "Wa ya taɓa?"

Mai "A Dawo Mana da Kuɗinmu"

Kowa ya san darajar minti ɗaya a dare irin na 11 ga Fabrairu 2024, da Najeriya ta kara da Kwaddibuwa a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan, Troost-Ekong ya ci wa Najeriya da ka a minti na 38, daga baya Kessié da Haller suka juya wasa ya tashi 2 da 1. A dare irin wannan, hoto na ƙyaftawa wannan bawan Allah ke miƙewa. Muryarsa ta fi ta janareta. Zai kira mai unguwa, zai koma wani gidan kallon, ba zai ƙara takowa nan ba. In ka bincika littafin mai ƙofa, shi kaɗai ne ya shiga bashi.

Yaron Bakin Ƙofa

Shekararsa ba ta fi 12 ba, kuma tun farko ya ga inda aka soka kebul. Ya ce a hankali, "Baba, a biyu aka sa." Aka daka masa tsawa: manya na magana. Ya sake faɗa, aka ce ya je ya sayo ruwan leda. Sai da kowa ya gaji, Sarkin Rimot ya ajiye sandar mulki ya fita alwala, yaro ya danna sau biyu, hoto ya fito tar. Mai Hura Kebul ya ce, "Na faɗa muku ƙura ce." Ɗalibin Wudil ya ce direban ne ya gama hawa. Mai Zargi ya ce addu'a ce ta ci. Yaro kuwa aka ce ya matsa, ya tare wa mutane.

Mafi yawan matsalolin nan ba su kai a kira mai gyara ba. Abin da ke ɓata su shi ne mutum biyar su canza abu biyar a lokaci guda, ta yadda ko an gyara ba a san me ya gyara ba. Don haka, mai gidan kallo da uwargida da malam: a jona kaya tun kafin jama'a su taru. A fara da Source, a bi da Windows da P, sannan a gwada wani kebul ko wata ƙofar, sannan girman hoto, sannan caja. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, hannu ɗaya a kan rimot. In kuma yaro ya ce a biyu aka sa, a leƙa bayan talabijin kafin a aike shi sayen ruwa.