Aku, Biri da Kunkuru a Bakin Kogin Ganga

Ga ta nan, ga ta nanku.

A birnin Baranasi na ƙasar Indiya, inda matattakalar dutse ke gangarawa har cikin Kogin Ganga, akwai wata tsohuwar bishiya kusa da makarantar da yaran Hindu ke haddar littattafan Veda guda 4 da harshen Sansikirit. A kanta Aku da Biri suke kwana, Kunkuru kuwa yana ƙarƙashinta a bakin ruwa.

Kullum da asuba Aku yana kasa kunne, har karatun yaran ya zauna a bakinsa. Idan ya fara rerawa sai tsuntsaye su yi tsit, suna cewa, "Allah ya ƙara basira, Malam."

Biri kuwa darasi ɗaya ya tsinta, na karma. Ya ji malamin yana cewa abin da aka shuka shi ake girba, kuma rai yakan yi ta komowa duniya daga wannan jiki zuwa wancan, abin da suke kira samsara. Sai Biri ya sami kogon itace. Duk alherin da ya yi, ko ɓawon mangwaro ya jefa wa tururuwa, sai ya ajiye tsakuwa a ciki, yana lissafin ranar da zai dawo duniya a matsayin sarki.

Ana nan, damina ta yi ƙarfi, Ganga ya cika ya fara haɗiye matattakala. Wata Ɓera ta maƙale a kan dutse da 'ya'yanta 5, ruwa ya kai musu ciki.

"Malam, ka cece mu!" in ji ta.

Aku ya gyara murya ya ce, "Kwantar da hankalinki, baiwar Allah. Atman, wato ainihin rai, ba ya mutuwa. Jiki kawai ake sauyawa." Ya ci gaba da karatu.

Ta juya ga Biri. Ya leƙo, ya ƙirga su, ya ce, "Ladan ɓera nawa yake? Bari in nemo ɗan maraƙi, shi ne mai tsakuwa goma." Ya yi tsalle ya tafi.

Kunkuru bai ce uffan ba. Ya kutsa cikin ruwa, ya kara bayansa a jikin dutsen. Ɗan ɓera ya hau yana karkarwa, Kunkuru ya kai shi tudu, ya komo. Igiyar ruwa tana buga shi da dutse har ƙoƙon bayansa ya tsage, bai fasa ba sai da ya tsallakar da uwar a ƙarshe.

"Baba, da me zan biya ka?" in ji Ɓera.

"Je ki shanya 'ya'yanki. Ni na iya ruwa, ke ba ki iya ba."

Da ruwa ya janye, sai gardama ta kaure tsakanin Aku da Biri kan wanda ya fi kusa da moksha, wato kuɓuta daga komowa duniya. Suka kai ƙara wurin tsohuwar Saniya, wadda ta yi shekara da shekaru tana kwance a ƙofar makarantar.

Ta ce, "'Ya'yana, akwai littafin Bhagavad Gita, baiti 700 cikin babi 18, a cikin doguwar waƙar Mahabharata. A nan ne Krishna ya koya wa jarumi Arjuna, a filin yaƙin Kurukshetra, cewa kowa ya tsaya kan dharma, aikin da ya hau kansa, ba tare da kwaɗayin sakamako ba. Kai Aku, abin da ka faɗa yana cikin littafi, amma ka mai da shi mafakar ragwanci. Kai Biri, kwaɗayin lada shi ne igiyar da ke ɗaure rai a samsara, kowace tsakuwa ƙulli ce. Kunkuru bai san baiti ko ɗaya ba, amma shi ya aikata abin da aka rubuta."

Aku ya sunkuyar da kai. Biri ya hau bishiya ya zubar da tsakuwoyinsa cikin kogi.

Don haka, duk wanda ya sami ilimi ya yi aiki da shi, wanda kuma zai yi alheri ya yi shi ba da ciniki ba.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.